Majalisi na Goma Sha Takwas: Gubar Dalma da Haƙƙin Ƴaƴa a Kan Iyaye

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya kawo mu wannan dare na goma sha takwas ga watan azumi da rai da lafiya. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu saurarenmu, na Agye da Gazawa da Gangara, na Gidan Rumji da Tibiri, da na ƙauyuka da rugage duk inda muryar nan ta kai, Allah Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu. A daren jiya mun yi bayani a kan haƙƙin iyaye a kan ƴaƴansu, kuma mun san dattawa sun ji daɗi. To yau sai mu juya allon, mu karanta ɗaya fuskar. Ɗa ma yana da haƙƙi a kan ubansa da uwarsa, kuma yana cikin haƙƙin nan kada a cutar da jikinsa ko hankalinsa tun yana ƙaramin da bai san abin da zai guje wa ba. Cutar da za mu yi magana a kanta ita ce gubar dalma.

Dalma kun san ta. Ita ce ƙarfen nan mai nauyi, mai laushi, mai launin toka, wanda ke cikin batirin mota da na babur da na sola. Ita masunta ke ɗaurawa a bakin taru don ya nutse, da ita maharba ke zuba harsashi, da ita masu gyaran rediyo ke liƙe waya. Allah Ya sanya mata amfani a wajen jikin ɗan Adam. Amma a cikin jiki ba ta da aikin komai sai ɓarna. Jiki yana bukatar gishiri daidai gwargwado, jini yana bukatar ɗan sinadarin ƙarfe, dalma kuwa ko ƙwayar zarra jiki ba ya nemanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa ƙarara cewa babu wani ma'auni na dalma a cikin jini da aka sani ba ya cutarwa.

Ku saurari abin da ya faru ga maƙwabtanmu na kudu, mutanen Zamfara, masu harshenmu da addininmu, waɗanda da yawa daga cikinmu ke da dangi a cikinsu. Wajen shekarar 2009 kuɗin zinariya ya tashi a duniya. Manoman ƙasar Anka da ta Bukkuyum, talakawa irinmu, suka ga arziki a ƙarƙashin ƙasarsu, suka shiga haƙar duwatsu. Maimakon su sarrafa su can daji, sai suka riƙa kawo su gida a buhuna. A tsakar gida ake fasawa da guduma, a kai injin niƙa irin wanda muke kai hatsi, mata su daka a turmi, su tankaɗe, a wanke, a shanya. Matan kulle suka sami sana'a ba tare da sun fita ba, magidanta suka sayi babura, aka yi rufin kwano. Ba wanda ya yi sata, ba wanda ya ci riba. Neman halal ne mutanen nan suka yi. Abin da ba su sani ba shi ne dutsen nan, tare da ɗan zinariyar da ke cikinsa, maƙare yake da dalma. Duk bugun taɓarya sai ƙura ta tashi, ta sauka a daɓe, a tabarma, a bakin randa, a kan ƙwaryar fura.

Agwagi ne suka fara mutuwa. Mutane suka ga agwagin gari sun ƙare, ba wanda ya kawo komai a ransa. Sai abin ya koma kan yara. Yaro ya kama amai da ciwon ciki, ya yi laushi, ya daina wasa, daga nan sai jijjiga, sai suma, sai a ɗauke shi zuwa maƙabarta. Wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba da maganinsa bai yi ba. Wasu suka ce sanƙarau ne. Wasu suka ce iska ce ta shigo gari. A watan Maris na 2010 labari ya kai ga ƙungiyar likitocin nan ta Na-gari-na-kowa, wadda ake kira MSF, wadda mutanen jihar Maraɗi suka sani tun shekarar wahala ta 2005. Aka ɗebi jinin yara aka auna, sai ga dalma. Da masu bincike suka bi gida gida a ƙauyuka biyu, Dareta da Ƴargalma, suka ƙidaya yara 463 ƴan ƙasa da shekara biyar, suka tarar 118 daga cikinsu sun rasu cikin shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Ku dubi yaran da ke zaune kewaye da ku yanzu kuna sauraren rediyon nan, ku ƙirga su huɗu huɗu, sa'an nan za ku gane nauyin wannan lissafi. A duk yankin, da Abare da Sunke da Tungar Daji da Bagega da sauransu, an ƙiyasta yara wajen 400 ne suka tafi, dubbai kuma suka bukaci magani. Allah Ya sa masu ceton iyayensu ne.

Akwai magani mai fitar da dalma daga jini, amma likitoci suka ce ba shi da amfani in yaro zai koma ya zauna a kan ƙasar da ta sa masa cutar. Dole aka bi gidaje ana kankare ƙasar tsakar gida da ta ɗakuna, ana kwashewa zuwa rami nesa da gari, ana zuba sabuwa. Sarakuna da hakimai suka ba da umarni a fitar da aikin dutse daga cikin gidaje. Garin Bagega sai da ya jira har 2013 kafin kuɗin aikinsa ya fito, yara na ta rarrafe a kan guba duk tsawon wannan jira. Sa'an nan a 2015 abin ya sake aukuwa a jihar Neja ta Najeriya, a ƙaramar hukumar Rafi, yara 28 suka rasu ta hanya guda, wato dutsen zinariya a cikin gida.

Wani zai ce, to me ya sa yara, alhali manya ne ke aikin? Amsa ita ce yaro a ƙasa yake rayuwa. Yana rarrafe, yana dafa ƙasa, hannunsa kullum a baki, abin da ya tsinta sai ya ɗanɗana. Kuma hanjin yaro yana tsotsar dalma ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. In cikinsa babu komai, ko yana fama da ƙarancin jini da tamowa, tsotsar ta fi haka, domin jiki mai yunwa yana ɗaukar dalma a matsayin abincin da ya rasa. Ku riƙe wannan, iyayenmu mata, domin ya shafi watan da muke ciki. Gidaje da yawa ba a hura wuta da rana a cikin azumi, sai a bar ƴan shekara biyu da uku suna yawo da ciki wayam har la'asar. Azumi bai hau kansu ba. A ajiye musu fura da nono, ko ɗumamen sahur, ko dafaffen wake, ko kwaɗon zogale. Wanda ya ciyar da ƙaramin yaro da rana ladarsa ta ƙaru, azuminsa bai ragu da komai ba.

Dalmar da ta shiga jiki kuma ba ta fita da sauri. Takan kwanta cikin ƙashi da haƙori shekara da shekaru. Yarinyar da ta sha ta tana ƙarama, ranar da ta girma ta yi ciki, sai dalmar ta taso daga ƙashinta ta shiga jini, ta isa ga ɗan da ke cikinta. Takan jawo ɓari, takan jawo haihuwa kafin lokaci. Ga manya maza da mata kuma tana kawo hawan jini da ciwon ƙoda.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai, mu da muka ƙare rayuwarmu a gaban allo, shi ne ɓarnar da ba ta da kuka. Mutuwa ana ganinta, a yi jana'iza, a yi ta'aziyya. Akwai kuwa yaron da dalmar jininsa ba ta kai ta kashe shi ba, ba ta ma kai ta kwantar da shi ba. Yana ci, yana gudu, yana kiwon awaki. Sai dai ta taɓa ƙwaƙwalwarsa tun tana tohowa, abin da ta ɓata kuwa ba ya komawa yadda yake. A kai shi makarantar allo, a biya masa aya sau ashirin, gari ya waye ta zube. A kai shi lakwal, ƴan ajinsu su wuce su bar shi. Ba ya iya zama wuri guda, ga saurin fushi. Malam ya ɗauki dorina, uba ya ce daƙiƙi ne, uwa ta ce an yi masa baki. Ba muna cewa duk yaro mai nauyin kai dalma ce ta taɓa shi ba, Allah Ya bambanta bayinSa wajen fahimta. Amma Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya fitar da ƙiyasi a 2020 cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, wajen miliyan 800, yana ɗauke da dalma a jininsa a ma'aunin da ya isa a tashi tsaye, kuma mafi yawansu a ƙasashen talakawa suke. Malaman usulu sun ƙidaya abubuwa biyar da shari'a ta zo domin tsare su: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Domin tsare hankali aka haramta giya, wadda mayenta kan wartsake da safe. To ina hukuncin abin da ke rage hankalin yaro har ƙarshen rayuwarsa?

Kada wani ya ce wannan labarin Zamfara ne. Samarinmu nawa suka tafi Jado tun da aka ga zinariya a can a 2014? Nawa ke Cibarakatan? Ga Ɗan Isa nan kusa da mu a ƙasar Madarunfa, inda rami ya rufta a Garin Liman a watan Nuwamba na 2021, aƙalla mutum 18 suka rasu. Ba kowane dutsen zinariya ke ɗauke da dalma ba, amma ido ba ya rarrabe mai ita da marar ita, mutanen Dareta ma da ido suka duba nasu. Saboda haka hukuncinsu ɗaya: dutsen ma'adini ba ya shiga gida. Ba a daka shi a turmin abinci, ba a kai shi injin da ke niƙa wa jama'a gero, ba a zuba hatsi a buhun da ya ɗauko shi. Ga salla na ƙaratowa, masu haƙa za su dawo gida. Ɗana, kafin ka ɗauki jaririnka ka yi masa wasa, tuɓe kayan aikin nan da takalman, ka yi wanka da sabulu, a wanke su daban, nesa da inda yara ke zama da inda ake girki. Tsarabar da ke cikin jakarka ta isa, kada ka haɗa masa da ta jikin rigarka.

Sai batir. Yau kusan kowane ƙauye akwai sola, akwai ƴan kabu-kabu, batir kuwa yana mutuwa. In ya mutu sai ka gan shi a bayan ɗaki yara na hawa kansa, ko wani ya fasa shi da gatari, ya zubar da ruwan a ƙasa, ya narka dalmar a kan murhun gida don ya sayar. A unguwar Caroy da ke gefen Dakar ta Senegal, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka mutu saboda wannan sana'a. An daɗe ana fasa batir a unguwar har ƙasar wurin ta cika da dalma, sai mata suka shiga tankaɗe ƙasar suna tsince ɓarɓashin suna sayarwa, da goyo a bayansu. Mataccen batir a miƙa shi ga masu saye yadda yake, ba a fasa ba. Mai sana'ar kuma ya yi ta nesa da gidaje da rijiyoyi, kada ya sa almajirai ko ƴaƴansa su taya shi. Malaman fiƙihu sun ce wanda ya haƙa rami a kan hanyar jama'a ba da haƙƙi ba, wani ya faɗa ya halaka, to akwai lamuni a kansa. Wanda ya zuba guba inda yaran unguwa ke wasa, bayan an sanar da shi, ya duba wannan mas'ala da kyau.

Yanzu mun zo wurin da muka san za a yi mana gardama, wato kwalli, wanda wasu ke kira tozali. Za a ce, Malam, ashe sa kwalli ba sunna ba ne? Sunna ne, ba mu musa ba, kuma ba mu zo mu rage wa sunna daraja ba. Amma a tsaya a bambanta. Dutsen nan mai ƙyalli da ake sayarwa a kasuwanninmu, a niƙa a zuba a tandu, sau da yawa in an auna shi sai a tarar dutsen dalma ne tsantsa. A 2011, a birnin Boston na Amurka, likitoci sun sami dalma a jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan mutanen Najeriya. Suka bincika gidan ba su ga komai ba, sai kwallin da aka kawo daga gida ana sa masa. Da aka auna kwallin, fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Iyayen nan ƙauna ce ta sa su, kamar yadda take sa kakanninmu mata, don idon yaro ya yi kyau ya yi haske.

Wata za ta ce, ai a ido ake sawa, ba a baki ba. To ku ji. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta babin azumi ya san malamanmu na Malikiyya sun ce mai azumi in ya sa kwalli da rana, ya ji ɗanɗanonsa ya sauka a maƙogwaronsa, azumin wannan yini ya ɓaci, sai ya rama. Ashe tun ɗaruruwan shekaru malamanmu sun san akwai hanya daga ido zuwa maƙogwaro. Likitocin yau ba su zo da sabon abu a nan ba, sun dai nuna mana ƴar kafar da hawaye ke bi ta hanci su sauka. In kwalli zai iya karya azumin babba, to zai iya isa cikin jariri. Ga shi kuma yaro yana murza ido, ya mayar da yatsa baki, sau nawa a yini? Sa kwalli ba farilla ba ne, wanda ya bar shi ba ya da zunubi. Kawar da cuta daga yaro kuwa wajibi ne, kuma ba a barin wajibi domin abin da ba wajibi ba. Shawararmu ita ce a ɗauke wa jarirai da ƙananan yara kwalli gaba ɗaya, mai ciki da mai shayarwa su ma su haƙura da shi. Kakanni, mun san ku ne masu tandu, kuma in kun ce a'a ba wanda zai sa. A ranar suna da ranar salla ku za a duba.

Akwai kuma tukwanen da muke kira na dalma. Sunan ne kawai, asalinsu alminiyon ne, kuma maƙeran da ke zuba su mutanenmu ne masu neman halal, sun sauƙaƙa wa talaka. Matsalar tana wajen abin da ake jefawa cikin narkin. In an haɗa da tarkacen inji, da lagireto, da guntayen batir, dalma ta shiga tukunya. An auna irin waɗannan tukwane a Kamaru, aka ga dalma na fita daga jikinsu ta shiga abin da aka dafa, musamman mai tsami. Mu kuwa a watan nan kunun tsamiya da zoɓo da miyar yakuwa su ne abincinmu. Kada a bar mai tsami ya kwana a cikinsu, a juye a ƙwarya ko tukunyar ƙasa. Ku kuma maƙera, ku tsarkake abin da kuke narkawa. Sayar da kaya mai ɓoyayyen aibi, mai shi yana sane, algus ne, ko da mai saye ba zai taɓa ganewa ba. Haka fentin mai, musamman ja da rawaya, wani yana da dalma. Mai gyaran gida don salla ya share ɓawon tsohon fenti da ke zuba, kada yara su tsinta.

Mun san abin da wasu ke faɗa a zuci: rai da ajali na Allah ne, kakanninmu sun sa kwalli sun tsufa. Gaskiya ne ajali na Allah ne. Amma mutumin da ke faɗin haka, in ya ga kunama a kan tabarmar ɗansa, ba ya tsayawa yin bayanin ƙaddara, takalmi yake nema. Bambancin kawai shi ne kunama ana ganinta. Uban da ya kawo dutse gida a Dareta bai sani ba, muna kyautata zaton Allah ba zai kama shi da abin da bai sani ba. Mu kuwa daga daren yau mun sani. Kuma abin nan yana gyaruwa in an so. A da man fetur ɗin da ake sha a duniya da dalma a cikinsa, hayaƙin kowace mota yana watsa ta a kan hanya. Ƙasashenmu na Afirka kudu da Sahara suka bar shi a farkon 2006, Aljeriya ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021, kuma a ƙasashen da aka auna an ga dalmar jinin yara ta sauka bayan barinsa.

In yaro ya kama amai da ciwon ciki ba dalili, ko cikinsa ya ɗaure, ya yi fari fat, ya daina abin da ya riga ya iya na magana ko tafiya, balle a ce jijjiga ta zo, a kai shi gidan likita a ranar. A yi masa addu'a a kan hanya, addu'a ba ta hana tafiya. Kuma a gaya wa ma'aikacin lafiya gaskiya: uban yaron nan yana aikin zinariya, ko ana fasa batir a gidanmu, ko muna sa masa kwalli tun haihuwa. Alamomin nan suna kama da na zazzaɓin cizon sauro, in ba ku faɗa ba hankalin likita ba lalle ya kai can ba. Kada tsoron a hana ku sana'a ya sa ku ɓoye. In kuka ga kaji da agwagi ko awaki suna mutuwa kusa da inda ake irin waɗannan ayyuka, a sanar da mai gari, shi kuma ya kai maganar gaba. A wanke hannun yara da sabulu kafin su ci abinci, a yayyafa ruwa kafin shara don kada ƙura ta tashi a kansu, a rufe randa.

Ƴan'uwanmu limamai na Agye da Gazawa da Gidan Rumji, muna roƙonku ku maimaita wannan a huɗubar Juma'a mai zuwa, kafin samari su fara dawowa salla, kuma masu wa'azin mata su kai shi cikin gidaje, domin tandu da turmi da tukunya a hannun mata suke. Lokacinmu ya cika. Gobe in Allah Ya kai mu za mu shiga hukunce-hukuncen i'itikafi, tun da goman ƙarshe ta ƙarato. Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.